Fargaba a Zukatan Matasa da Hanyoyin Agaza Musu: Nazari a Birnin Kebbi da Argungu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin larurar fargaba a tsakanin samari da 'yan mata masu shekarun balaga, bisa dogaro da rahotannin hukumomin lafiya, da rubuce-rubucen magabata, da al'amuran da suka auku a Jihar Kebbi. Matsayinta shi ne, agajin farko yana hannun dangi da malamai, saboda haka wajibi ne a ilimantar da su, a kuma sadar da su da asibiti.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da larurar da ta shafi tunani, kuma fargaba tana cikin waɗanda suka fi yawa. Duk wanda ya tuna ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadamar Rima, da kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni 2021, da harin 'yan bindigar Lakurawa a Mera ta ƙasar Augie a Nuwamba 2024, da sace 'yan matan makarantar Maga a Nuwamba 2025, ya kuma ɗora zullumin jarrabawar WAEC da JAMB a kan wannan, ba zai yi mamaki ba in ya tarar da ɗalibar makarantar kwana tana raba dare idonta biyu, tana sauraron ƙarar babur.

2.0 Alamomi da Abin da Ke Ɓoye Su

Da wuya matashin Bahaushe ya buɗe baki ya ce yana jin tsoro, domin an tarbiyyantar da shi a kan kunya da dauriya. Abin da zai ce shi ne gabansa na faɗuwa, ko kansa na sarawa, ko numfashinsa na sarƙewa, har a yi ta ba shi maganin zazzaɓi, in bai ji sauƙi ba a ce iska ce ko sammu. Bugu da ƙari, alkunyar ɗan fari takan hana uwa zama da ɗanta ta tambaye shi damuwarsa, alhali kuwa kaka, wadda al'ada ta halatta mata wasa da jika, da goggo, da kawu, su ne yaro yake iya fasa wa cikinsa. Haɗarin jinkiri shi ne, saurayin da bai sami mai saurarensa ba yakan nemi natsuwa wajen tiramol da makamantansa.

3.0 Hanyoyin Agaji

Tun ƙarni na goma, Abu Zaidi al-Balkhi, a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus, ya lissafa tsoro da waswasi cikin cututtukan rai masu karɓar magani, ya kuma nuna cewa ana rage tsoro ta hanyar sabo da abin tsoron sannu a hankali, wanda shi ne ginshiƙin jinyar fargaba a wajen likitocin zamani. A bisa wannan, in yarinya ta ƙi komawa makaranta, ba hikima ba ne a tilasta ta da bulala, ko a cire ta ɗungurungum. Sai a raka ta bakin ƙofa yau, gobe ta shiga aji na sa'a ɗaya, har zuciyarta ta aminta. In firgita ta taso mata, babba ya zauna kusa da ita, ya sassauta murya, ya sa ta ja numfashi a hankali ta fitar da shi da jinkiri, ya guji cewa ƙarancin imani ne, domin zargi yana ƙara wa mai ciwo nauyi.

Addu'a da zikiri suna sanyaya zuciya, amma tawakkali bai kore riƙo da sababi ba. Don haka malamin Islamiyya da mai ruƙiyya, in sun ga makonni sun shuɗe yaro ba barci, ba ci, ko ya ambaci halaka kansa, haƙƙi ne a kansu su tura shi Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Babban Asibitin Argungu, daga nan zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware in hali ya yi.

4.0 Kammalawa

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanya wa hannu a Janairu 2023 a madadin tsohuwar dokar 1958, ta share fage, saura aiki. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi, da masarautun Gwandu da Argungu, su horar da malamin ba da shawara a kowace makarantar sakandare, su koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane wannan larura, su kuma nemi limamai su yi bayaninta a huɗubar Juma'a, domin 'ya'yan nan amana ce da za a tambaye mu a kanta.