Ranar da mai saurare ya shiga cikin akwatin radiyo

Yau za mu koma baya kaɗan. Kai da ka saba jin waƙa da wasa a radiyo, ka taɓa zama a wurin da ake ɗaukar su?

An buɗe gidan radiyon ƙasarmu a Yamai cikin 1958, kafin samun ƴancin kai. A lokacin, akwatin radiyo sai gidan sarki, ko na babban ɗan kasuwa, ko na ma'aikaci. Talaka a Maraɗi yana ji ne daga ƙofar gidan wani. Magana tana zuwa daga nesa, shi kuwa ba ya da ta cewa.

Cikin 1962 aka kafa ƙungiyar da ake kira Radiyo Kulob. Nan abin ya sake. Da dare mutanen unguwa ko na ƙauye su taru su kewaye akwati guda. Mai jagora, sau da yawa malamin lakwal ne, ya kunna. A saurari shiri kan noma, ko lafiyar yara, ko bashin iri. In an gama, ya kashe akwati, ya ce: "To jama'a, me kuka gani?" Wanda yake da akwatin ɗaukar murya sai ya miƙa wa mutane su yi magana. A aika da zaren Yamai. Bayan ƴan kwanaki manomi ya ji muryarsa tana fita daga akwati, ƙasa duka tana ji.

Ka duba girman wannan abu. Mutum bai san baƙi ko ɗaya ba, amma maganarsa ta kai kunnen manya. Sai dai ba kowace magana ke fita ba. A Yamai ake tace ta, kuma sukar gwamnati ba ta wucewa. Mata ma ba su cika buɗe baki gaban maza ba.

Cikin 1974 soja suka karɓi mulki, radiyo ya ɗauki sunan Muryar Sahel. Shugaba Seyni Kunce ya farfaɗo da samariya. Daga 1976, aka soma bikin matasa na ƙasa a Damagaram, yana zagaya manyan garuruwa. Kafin a je can, sai an yi gasa a gida. Samari da ƴan mata na Tibirin Gobir, da na Jiratawa, da na unguwannin Maraɗi su yi ta shiri: waƙa, rawa, wasan kwaikwayo. Ranar wasa fili ya cika. Ga makaɗa, ga masu ban dariya, ga ma'aikacin radiyo yana riƙe da makirfo. Wanda ya zo kallo, tafinsa da guɗarsa da dariyarsa duk sun shiga zare. Gobe ya ce wa maƙwabci: "Ka ji wannan shewa? Da mu aka yi!"

Haka ma kokowa. Tun 1975 ake gasar takobi. Wanda bai samu shiga fili ba ya manna akwati a kunne, yana jin ihun waɗanda suka shiga. Filin kokowa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, ɗan kokowar da wannan ƙasa ta yi alfahari da shi.

Bayan 1990 gidajen radiyo masu zaman kansu suka buɗe, irin su Anfani. Daga baya wayar salula ta zo, mai saurare ya riƙa kira daga gonarsa, a sa shi kai tsaye.