Gudun Duniya Bayan Nasara: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Tafiyarsa ta 1807

Malaman Musulunci sun daɗe suna gargaɗi a kan son duniya, watau mutum ya ɗora zuciyarsa kan dukiya da mulki da girma har su shagaltar da shi daga Lahira. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wani sashe na Ihya'u Ulumid Dini don zargin duniya, wani kuma don zargin son daraja da riya. Abin da ya nuna shi ne, dukiya a hannu ba laifi ba ce muddin ba ta shiga zuciya ba, kuma son girma ya fi son kuɗi wuyar magani, domin ya kan ɓuya cikin rigar addini. Wannan karatu na zuhudu ya iso ƙasar Hausa cikin littattafan da malamai su ke biyawa a zaure, amma sai a zamanin jihadi aka gwada shi gwaji mai tsanani.

Tun kafin yaƙi, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta yi suna wajen kame kai daga kyautar sarakuna. Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar Idi, ya yi musu kyauta, ya ba Shehu miskali 500 na zinariya. Shehu bai karɓa ba. A maimakon haka ya roƙi abu 5: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. A wannan lokaci gudun duniya bai da ruɗani, gama duniyar tana hannun waɗansu, jama'a kuwa tana waje tana kallo.

Al'amari ya sake bayan hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Nasarar Tabkin Kwatto a wannan shekara ta kawo dawaki da ganima, ta kuma jawo mutane da yawa waɗanda ba su zauna gaban Shehu sun yi karatu ba. Da ƙarshen shekarar aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa su ka yi shahada. Watau masu tarbiyya suna raguwa, masu neman rabo suna ƙaruwa, ga kuma yunwa ta matsa wa rundunar. A 1805, gab da yaƙin Alwasa, mayaƙa su ka wasashe garin Kwalde, alhali akwai amana tsakaninsa da jama'a, shugabanni kuwa su ka kasa hana su. Ba a jima ba aka sha kashi a Alwasa. Malaman jama'a ba su rasa abin kwatance ba, don sun san yadda maharba su ka bar dutsen da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsai da su ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, saboda ganima, nasara ta juye.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, wanda ya ja runduna a Tabkin Kwatto. A 1807, ana cikin tafiya yaƙin Alkalawa, sai ya fice daga rundunar tare da mutum ƙalilan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Shi da kansa ya bayyana dalili cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya tsara a 1813. Ya ga abokansa na farko yawancinsu sun ƙaura, ya saura cikin mutanen da burinsu mallakar garuruwa, da tara kuyangi da tufafi masu tsada, da dawakin sukuwa cikin gari, da karɓar gaisuwa, da kiɗe-kiɗe. A ganinsa, abin da aka yi hijira don a guje masa ya biyo jama'a har cikin sansani.

Tafiyar ba ta wuce Kano ba, inda Sarki Sulaimanu ya ke mulki. Mutanen birni su ka riƙe shi, su ka roƙe shi ya koya musu yadda za su tsai da shari'a. Ya lura abin da ya baro a yamma shi ne ya tarar a Kano, duk da haka ya zauna, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya ke bayanin abin da ya wajaba a kan shugaba da waziri da alƙali, da hukuncin dukiyar baitulmali. Sa'an nan ya koma gida. Nan ne muhimmancin wannan tafiya ya ke ga mai nazarin tarihi. Mutumin da ya fita don ya rabu da mulki ya komo da littafin da zai ɗaure masu mulki. Zuhudu ya tashi daga halin mutum ɗaya ya zama ƙa'idar sarauta.

Amma fa shugabannin jihadi ba su zama baki ɗaya a kan iyakar wannan ƙa'ida ba. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Shehu ya rubuta Misbahu li Ahli Hazaz Zamani, daga baya kuma Najmul Ikhwani, inda ya sassauta a kan tufafin shugabanni da sunayen sarauta da waɗansu kiɗe-kiɗe, yana mai nuna cewa abin da malamai su ka yi saɓani a kansa ba a tsananta wa jama'a a kai. Abdullahi ya tsaya kan ra'ayinsa cikin Liya'us Sulɗani, yana tsoron kada halifanci ya koma sarautar gado irin ta dā. Shehu yana duban haɗin kan al'umma mai sabon ƙarfi, ƙanensa yana duban inda sassauci zai kai. Kowannensu da hujjarsa. Shi Shehu kansa kuwa ya janye daga gudanar da mulki, ya zauna Sifawa yana karantarwa, ya raba aikin ƙasa a 1812, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi.

Gwaji na ƙarshe ya zo a 1817, sa'ad da Shehu ya rasu a Sakkwato aka yi wa Bello mubaya'a. Abdullahi, wanda ya girme shi ya kuma kasance malaminsa, ya iso ya tarar an gama. Zukata sun yi sanyi har 'yan shekaru, sai da Bello ya kawo masa gudummawa a yaƙin Kalambaina, a nan Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Da ya ɗaga tuta don neman haƙƙinsa, da daular ta tsage tun tana jaririya. Ya ƙare kwanakinsa a Gwandu yana karantarwa da rubutu har ya rasu wajen 1829, Allah ya jiƙansa.

Wannan tarihi ya na da amfani ga mai koyar da adabin Hausa. Waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19, masu siffanta duniya da tsohuwa mai kwalliya ko kasuwa mai saurin watsewa, sau da yawa a kan ɗauke su tamkar tsoratarwa ga talaka kaɗai. Amma waƙa irin Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, da masu riƙe da iko ta ke magana, da alƙalai, da masu cin haƙƙin raunana. Wanda ya karanta irin waɗannan waƙoƙi yana tune da Kwalde da Alwasa da tafiyar 1807, zai gane cewa marubutansu sun ga son duniya da idonsu cikin jama'arsu, bayan Allah ya ba ta nasara.