Buɗaɗɗiyar Manhaja: Ma'anarta, Asalinta da Muhimmancinta

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce manhajar kwamfuta da masu ita suka fitar da rubutun tushenta a fili, wato jerin umarnin da aka gina ta da shi, suka kuma ba kowa izinin amfani da ita, da nazarinta, da yi mata gyara, da rarraba ta. Kishiyarta ita ce rufaffiyar manhaja irin su Windows, wadda kamfanin da ya ƙirƙire ta kaɗai ke da ikon sauya ta.

Wannan aƙida ta samo asali ne a Amurka a 1983, lokacin da Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda ya wajabta wa duk wanda ya gyara manhaja sannan ya rarraba ta ya bar ta a buɗe kamar yadda ya same ta. A 1991 kuma Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fitar da Linux. A kan Linux aka gina Android da ke cikin wayoyin salula, kuma tun 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da shi suke aiki.

Sau da yawa ana samun irin wannan manhaja kyauta, misali LibreOffice, Firefox da VLC. Sai dai babban amfaninta shi ne mallaka. Hukumar da ta dogara da rufaffiyar manhaja tana hannun kamfani guda: idan ya ƙara kuɗin lasisi ko ya daina kula da manhajar, ba ta da ta cewa. Mai buɗaɗɗiya kuwa yana iya ɗaukar injiniyoyin gida su bincika ta, su daidaita ta da buƙatunsa, har su fassara ta zuwa harshensa. Najeriya na tattara bayanan cibiyoyin kiwon lafiya da DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar bunƙasa ta.

Duk da haka, tana da nata ƙalubale. A 2014 an gano wata kafa mai haɗari a OpenSSL, manhajar tsaro da ɗimbin shafukan intanet suka dogara da ita, alhali mutane ƙalilan ne ke kula da ita. Saboda haka, duk hukumar da ta rungume ta sai ta ware kuɗin horar da ma'aikata da na sabunta ta a kai a kai.