Kindirmo da Tarihin Ƙwayoyin da Ke Gyara Hanji

A shekarar 1905, wani ɗalibin likitanci ɗan ƙasar Bulgeriya mai suna Stamen Grigorov ya gano ƙwayar halittar da ke sa madara tsami a ƙasarsu. Labarin ya ja hankalin Elie Metchnikoff, masani ɗan Rasha da ke aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, wanda ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da yawan shan nono mai tsami. A 1907 ya wallafa littafi, inda ya ce irin waɗannan ƙwayoyi suna hana masu cutarwa sakewa a cikin hanji. A 1935 aka fara sayar da Yakult a Japan, bisa binciken likita Minoru Shirota. Sai a 1995 Gibson da Roberfroid suka raɗa wa abincin waɗannan ƙwayoyi suna firibayotik, wato sinadaran da ciki ba ya narkarwa, irin na albasa da tafarnuwa. Su kuwa ƙwayoyin ana kiransu furobayotik.

Tun kafin wannan bincike, matan Fulani suna tafasa madara, su bari ta huce, su zuba ɗan ragowar kindirmon jiya, su rufe ƙwarya ta kwana. Wannan ragowar ita ce irin da masana suke renowa a ɗakin gwaji. Tafasawar kuma takan kashe ƙwayoyin cuta da ɗanyar madara ke ɗauke da su.

Yau a zangunanmu lemun kwalba ya fi fura da nono farin jini wurin yara. Idan iyaye suka daina kai kindirmo gida, masu sana'ar ma za su ajiye ƙwarya.