Ƙarshen Fim da Shekarun Mai Kallo: Waiwaye Daga Majigi Zuwa Raazi

Duk wanda ya san al'adar masu kallon fina-finai a ƙasar Hausa ya san cewa kallo ba ya ƙarewa da ɗaukewar hoto. Sauran aikin yana majalisa, a bakin shago ko a teburin mai shayi, inda ake zama a yi wa labari filla-filla, a wanke wanda za a wanke, a ɗora wa wani laifi. Mu a nan Suleja, garin da ya tara mutane iri-iri saboda maƙwabtakarsa da Abuja, ba a bar mu a baya ba wajen wannan al'ada. Daga cikin fina-finan da suka cancanci irin wannan zama akwai na Indiya mai suna Raazi, wanda Meghna Gulzar ta ba da umarninsa, aka fitar a 2018. Tambayoyi biyu yake tayarwa. Shin ƙarshensa ya yi daidai? Sannan yaro ɗan shekara nawa ya kamata a bari ya zauna gabansa?

Ga wanda bai kalla ba, labarin ya faru ne gab da yaƙin Indiya da Pakistan na watan Disamba 1971, wanda ya haifar da ƙasar Bangladesh. Sehmat, wadda Alia Bhatt ta fito a matsayinta, budurwa ce Musulma 'yar Kashmir. Mahaifinta ɗan leƙen asirin Indiya ne da ciwon ajali ya kama, sai ya aurar da ita ga Iqbal, ɗan wani babban hafsan sojan Pakistan, domin ta ci gaba da aikinsa daga cikin gidan surukanta. Iqbal kuwa mutumin kirki ne, mai haƙuri da kunya, kuma a nan ne wahalar labarin take. Sehmat ta aika da bayanin shirin kai wa jirgin ruwan yaƙin Indiya mai suna Vikrant hari. Domin rufa asirinta ta take tsohon baran gidan da mota, ta kuma kashe yayan mijinta da guba. A ƙarshe mutanen da suka aike ta ne da kansu suka jefa gurneti da nufin hallaka ta don kada a kama ta da rai, sai ya ci mijinta. Ta koma gida da ciki, zuciya a karye, kuma hoton ƙarshe da aka nuna mana nata shi ne na tsohuwa zaune ita kaɗai.

Wasu masu kallo na ganin an zalunce ta, domin wadda ta ceci ƙasa ta cancanci tambari da jinjina. Wasu kuwa na ganin sassauci aka yi mata, tun da wadda ta ci amanar aure da gidan da ya karɓe ta hannu bibbiyu bai kamata ta tsira da ranta ba. Mai karatu zai so ya san cewa a Indiya ma an yi wannan gardama. Harinder Sikka, tsohon hafsan sojan ruwa wanda ya rubuta littafin Calling Sehmat da aka ɗauko labarin daga ciki, ya fito fili ya soki yadda aka rufe fim ɗin, domin shi a wurinsa Sehmat ta dawo ne a matsayin jaruma mai sara wa tutar ƙasarta. A Pakistan kuwa ba a ma yarda an nuna shi ba. Hukumar tace fina-finai ta Indiya ta ba shi alamar UA, wadda a lokacin take nufin yaron da bai kai shekara 12 ba yana iya kallo bisa kulawar iyayensa.

In muka waiwayi tarihi za mu tarar cewa tambayoyin nan biyu asalinsu guda ne. A Amurka, tun daga 1934 aka fara aiki gadan-gadan da ƙa'idojin da aka fi sani da sunan Will Hays. A ƙarƙashinsu babu rabon masu kallo bisa shekaru: fim ɗaya ne ga kowa, saboda haka sai a gyara labarin. Dole mai laifi ya ga sakamakon laifinsa kafin a tashi, kuma ba a yarda a ƙawata cin amanar aure ba. Shahararren fim ɗin nan na lokacin yaƙin duniya na biyu, Casablanca, na 1942, misali ne: matar aure ce ke tsakanin mijinta da tsohon masoyinta, kuma dokar zamanin ba za ta taɓa bari ta rabu da mijin ta bi masoyin ba, don haka tare da mijin ta hau jirgi. Sai a 1968 Amurkawa suka sauya dabara, suka ƙyale marubuci da labarinsa, suka koma tsaron ƙofa da ƙidayar shekaru. Ingila ta riga su, domin hukumarta ta kafu tun 1912, kuma a 1951 ta fito da alamar X mai hana wanda bai kai shekara 16 ba shiga.

Misalin da ya fi bayyana wannan dangantaka shi ne fim ɗin Ang Lee na 2007, Lust, Caution, wanda shi ma labarin budurwa ce da aka tura ta yaudari wani jami'i mai yi wa Japan aiki a lokacin mamayar ƙasar Sin, daga ƙarshe ta ankarar da shi ya tsere, aka kashe ta tare da abokan gwagwarmayarta. A Amurka an bar shi yadda yake, aka ɗora masa alamar NC-17, ta manya zalla. A ƙasar Sin, inda babu tsarin raba masu kallo bisa shekaru, sai aka datse wasu wurare, har aka sauya kalaman da ta furta a wurin ankararwar domin kada ta fito ƙarara a matsayin wadda ta ceci maci amanar ƙasa. Wato inda babu mai tsaron ƙofa, almakashi kan kai har ga ƙarshen labari.

To mu fa, ta wace hanya muka biyo? An fara nuna fim a Nijeriya a zauren Glover da ke Legas cikin watan Agusta 1903, kuma a 1933 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar tace fina-finai. Sai dai damuwarsu ta fi karkata ga martabar Bature. Ba su so talakan da suke mulka ya ga Bature yana sata ko yana shan kashi, ko ya ga Baturiya cikin shigar da za ta zubar da kwarjininta. William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Legas, wanda aka ɗora bisa sashen shirya fina-finan ƙasashen mulkin mallaka a 1939, ya shimfiɗa ƙa'idar cewa fim ɗin da za a nuna wa baƙar fata ya kasance mai tafiyar hawainiya, babu yawan sauya hoto, wai don kada kansa ya ɗaure. In mun faɗi gaskiya, wannan ita ce alamar shekaru ta farko da aka taɓa liƙa mana, kuma al'umma ɗungurungum aka mayar yara, har da dattawanta masu furfura.

Da irin waɗannan fina-finai motar majigi ta riƙa zagaya garuruwa, ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin kasuwa, kallo kyauta, ga mai fassara yana ta bayani da Hausa. Lokacin yaƙin Hitila ne, 'yan Arewa da yawa suna fagen daga a Bama, kuma abin da majigi ya zo yi bai bambanta da abin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, take yi da alƙalami ba. Labarin yaƙi na farko da kakanninmu suka gani a bango ke nan, kuma ƙarshensa sananne ne tun kafin a kunna: Ingila ce da nasara. Babu wanda ya tambayi shekarun yaran da suka cika gaban ƙyallen.

Gidan silima na kuɗi kuwa sha'aninsa dabam. Rex, wanda Kwarori suka buɗe a Kano a 1937, a wajen ganuwa yake, kuma a can akasarin waɗanda suka biyo bayansa suka zauna, cikin yankunan baƙi da mashaya. Mutanen birni sun ɗauki silima wurin 'yan iska, har wasu na kiran abin dodon bango. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a gidan silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, kuma nan take magana ta bazu cewa fushin Allah ne. Da aka zo buɗe silimar Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, a farkon shekarun 1950, sai da aka yi tirka-tirka. Abin lura a nan shi ne ma'aunin da jama'a suka riƙe: wuri da jinsi da mutunci. Matar aure ba ta zuwa, ɗan malam in ya je a ɓoye yake zuwa, yaro kuwa in an kama shi ya sha bulala ko da wane irin fim aka nuna. A cikin waɗannan gidaje ne fina-finan Indiya irin su Mother India na 1957 suka kama zukatan Hausawa.

Bayan samun 'yancin kai an yi sabuwar doka a 1963, amma tsarin alamomin shekaru da muka sani ya zo ne bayan dokar soja mai lamba 85 ta 1993, wadda ta kafa hukumar tace fina-finai da bidiyo ta ƙasa. Alamominta sun haɗa da G da PG da 12 da 15 da 18. Sai dai kash, ta zo ne a daidai lokacin da fim ya bar gidan silima ya shige ɗaki. Tun 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kuma kaset ba shi da mai gadi. A Disamba 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim baki ɗaya bayan ƙaddamar da shari'a, a 2001 ta kafa tata hukumar, wadda ta fi mai da hankali ga sutura da rawa da cuɗanyar maza da mata. A aikace, mun koma ga hanyar Hays: fim ɗaya ga kowa, a gyara abin da ke ciki. Shi ya sa a fina-finanmu da yawa kishiya mai bin bokaye sai ta haukace, azzalumin attajiri sai ya tsiyace ko ya zo yana kukan nadama. Wanda ya tashi da irin wannan ƙarshe dole ya ji wani iri in ya ga Sehmat zaune, ba a yi mata biki ba, ba a kuma rataye ta ba. Yau kuwa, da fim ya koma cikin wayar hannu, ga kamfanoni irin su Algaita suna mayar da na Indiya Hausa, mai shagon tura fina-finai kuɗinsa kawai yake karɓa.

A namu ganin, Meghna Gulzar ce da gaskiya a kan Sikka. Macen da ta kashe mutanen da ta ci abinci tare da su, ta ga waɗanda suka aike ta sun nemi ranta, in aka nuna ta tana murmushi gaban tuta an yi wa mai kallo ƙarya. Masu son a kashe ta kuwa sun manta cewa ita ma an ci amanarta, tun daga uban da ya mai da aurenta makami. Amma game da shekaru, ba mu gamsu da alamar UA ba. Masu tacewa jini suke ƙirgawa da tsiraici da ashar, kuma Raazi ba shi da yawan waɗannan. Nauyinsa yana wani wuri da sikelinsu ba ya aunawa: amarya tana ɗana na'ura a gidan surukanta, Musulmi yana kashe Musulmi saboda iyakar da aka shata a 1947. Bahaushe da balaga da hankali yake auna yaro, ba da lamba ba, kuma a wannan ma'auni fim ɗin na wanda ya mallaki hankalinsa ne, ko aƙalla na saurayin da ke da babba a kusa wanda zai amsa masa tambaya.

Bai kamata kuma mu ɗauka irin wannan labari na Kashmir ne kaɗai ba. A 1902, shekarar da Turawa suka ci garin nan namu, wanda a lokacin ake kira Abuja kafin ya sadaukar da sunan ga babban birnin tarayya, an yi wani abu a Keffi da ya isa fim sukutum. Cikin watan Oktoba na shekarar Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau, ya kashe Razdan Kyaftin Moloney. A tsakaninsu akwai Audu Timtim, mutumin da ke yi wa Turawa tafinta da kawo rahoto, wanda ruwayoyi da dama ke ɗora wa laifin haɗa husumar. Magaji ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, Lugga kuwa ya riƙe wannan a matsayin hujjar kai wa Kano yaƙi a Fabrairu 1903. Magaji ya ƙare ne a Burmi cikin Yuli na shekarar, tare da Sarkin Musulmi Attahiru. Duk wanda ya tashi mayar da wannan labari fim, sai ya yanke shawarar inda zai tsaya: a Keffi, ranar da Bature ya faɗi, ko a Kano, ranar da igwa ta fasa ganuwa, ko a Burmi. Zai kuma yanke shawarar yadda zai nuna Audu Timtim, mutumin da ke jin harsuna biyu, yana cin abincin ɓangare ɗaya, jininsa kuma na ɗaya ɓangaren.