Tsarin Ƙauyen Aro: Yadda Aka Zaunar da Masu Taɓin Hankali Cikin Jama'a

Yawancin mutanenmu da ke zaune a Ogun da Legas sun san Aro da sunan asibitin mahaukata na Abeokuta kawai. Amma abin da ya sa sunan wurin ya zagaya duniya shi ne wani tsari da Dakta Thomas Adeoye Lambo, ɗan asalin Abeokuta da ya yi karatun likita a Ingila, ya fara a 1954.

Maimakon a kulle marar lafiya a ɗaki, sai Lambo ya daidaita da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, suka riƙa ba marasa lafiya hayar ɗaki a gidajensu. Sharaɗin shi ne kowane marar lafiya ya zo da ɗan'uwa ɗaya, uwa ko ƙanwa ko wani na jiki, wanda zai dafa masa abinci ya kula da shi. Da safe a je asibiti a ga likita, daga nan a dawo ƙauye a shiga cikin mutane, a je kasuwa, a taɓa ɗan aiki. Har masu maganin gargajiya na Yarbawa ya jawo cikin aikin, tunda su ne jama'a suka yarda da su. Daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

To mu fa? Abin da na saba gani a kara da zango shi ne, da zarar yaro ya fara surutai ko ya daina barci, sai a ce iska ce, ko ƙwaya ce ta juya masa kai. A yi ruƙiyya kwana biyu, in bai lafa ba a haɗa kuɗi a sa shi a tirelar da ta sauke shanu, a ce a kai shi gida. Can ƙauye kuma sau da yawa mari ne ke jiransa, ko ɗakin bayan gida. Ko ya warke, ba mai ba shi mata, ba mai damƙa masa kuɗin saniya ɗaya, a majalisa ma maganarsa ba ta da nauyi. A ganina wannan wariyar ta bayan warkewa ta fi marin ciwo.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa irin waɗannan bayin Allah bambanci.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A nan Kudu akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Aro, da Yaba a Legas, da Uselu a Benin, da Inugu, da Kalaba. In kuma dole sai an koma Arewa, akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Duk wanda za a kai, a haɗa shi da ɗan'uwan da ya san yadda ciwon ya fara, kuma yake jin Turanci ko yaren garin.