Daga Nivakin zuwa Ɗigon Jini a Cirozerin

Likitan da aka tura aiki Cirozerin, garin kwal ɗin kamfanin Sonichar da aka kafa don ba kamfanonin yuraniyom na Arlit wuta, tsakaninsa da malamansa na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai kusan kilomita dubu ne. Sabon ilmi kan riske shi ne a takardar ƙa'idojin jinya da Ma'aikatar Lafiya ke aikowa, da horon ƴan kwanaki da ke biyo bayanta. Zazzaɓin cizon sauro ya fi kome nuna haka.

An daɗe, in jiki ya yi zafi, nivakin ake bayarwa ba tare da dogon bincike ba. Da ƙwayar cutar ta daina jin maganin, Nijar ta sauya a 2005 zuwa haɗin magunguna masu sinadarin atemisinin. Coartem, ɗaya daga cikinsu, sau biyu ake sha a rana, kwana uku, kuma yawan ƙwayoyin ya danganta da nauyin yaro, don haka sikeli ya shiga aikin kowace safiya.

Sauyin 2010 ya fi wuyar karɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin magani. A soki yatsa, a ɗiga jini a ƴar robar gwaji, a jira kamar minti 15: layi biyu, akwai cutar, layi ɗaya, a nemi wata. A ganina ƙasar Abzin, inda Cirozerin take, ta fi kudu buƙatar wannan ƙa'ida, domin sauro a nan gajeriyar damina yake bi, zazzaɓin lokacin hunturu kuwa sau da yawa daga ƙirji yake. Dole ma'aikacin da ya tsufa a aiki ya koma ƙirga numfashin yaro, ya kuma koyi lallashin uwar da ta sha doguwar tafiya tana sa ran maganin zazzaɓin cizon sauro.

A 2010 ɗin kuma aka fitar da binciken yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, wanda ya nuna allurar artesunate ta fi kinin ceton rai idan zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani. A 2011 Hukumar ta sa ta gaba. Kinin sai an ɗaura ƙarin ruwa na awa huɗu ana tsaye a kai, ana tsoron faɗuwar sukarin jini. Artesunate allura ce nan take, a maimaita bayan awa 12, sannan idan an cika awa 24 daga ta farko, abin da ƙaramin asibiti mai ma'aikata kaɗan zai iya.